Hoton 3D ba ya gina gida: Sana'ar fitar da zanen fuskar gini daga kwamfuta

Duk wanda ke yawo a Facebook ko TikTok kwanakin nan ya san su: hotunan gidaje masu sheƙi, fenti fari da ruwan toka, fitilu a jikin katanga, ga baƙar mota an faka a ƙofar gida, ga ciyawa kore shar kamar ba a ƙasar Sakkwato ba. A ƙasan hoton sai ka ga an rubuta, "Mai buƙata ya tuntuɓe ni ta WhatsApp." Wasu daga cikin masu yin waɗannan hotuna matasanmu ne, kuma wallahi sun iya. Wasu hotunan kuma ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa su cikin minti ɗaya.

Matsalar tana farawa ne ranar da aka tura wa birkila hoton a waya aka ce, "Irin wannan nake so." Birkila zai duba, ya jinjina kai, ya ce ba damuwa. To amma hoton bai faɗa masa tsayin bango ba. Bai faɗa masa inda taga za ta fara da inda za ta tsaya ba. Bai faɗa wa kafinta yadda zai kwantar da rufi ba. Kowa sai ya yi da ka. Bayan wata shida mai gida ya zo ya tarar da wani abu dabam, a shiga musu, a fasa bango, a sake sayen siminti a wannan tsadar da ake ciki.

Takardar da ke raba wannan gardama ita ce zanen fuskar gini, wanda masu sana'ar ke kira elebeshan. Fitar da shi daga samfurin ginin da aka ƙera a kwamfuta sana'a ce mai zaman kanta, kuma matashin da ke zaune a Boɗinga ko Shagari zai iya koyon ta ba tare da ya koma Abuja ba.

Mene ne zanen fuska?

Gini yana da manyan zane iri uku. Na farko shi ne fulan, wato taswirar gida kamar an yanke shi a kwance ana leƙo shi daga sama: ga falo, ga ɗakuna, ga bayi, ga kicin. Wannan kowa ya san shi, har da masu zana shi da tsinke a ƙasa. Na biyu shi ne zanen yanka, wato kamar an tsaga gidan daga rufi zuwa harsashi yadda ake tsaga kankana, a ga abin da ke ciki. Na uku shi ne zanen fuska: yadda ginin yake idan ka tsaya tsaf a gabansa, ko bayansa, ko gefensa. Gida mai kusurwa huɗu fuska huɗu gare shi, saboda haka zane huɗu ake fitarwa.

Fulan yana ba ka tsawo da faɗi. Zanen fuska yana ba ka tsayi. Shi ke nuna nisan daɓen gida daga ƙasa, bakin taga, linta, silin, ƙarshen bango da ƙololuwar rufi, tare da abin da za a shafa ko a liƙa a jikin bangon.

Ga bambancinsa da hoton 3D. Ka tsaya a bakin titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Boɗinga da Shagari ya nufi Tambuwal, ka dubi turakun wutar lantarki. Na kusa da kai dogo ne, na nesa gajere, alhali duk tsayinsu ɗaya. Haka ido yake gani, haka kyamara take ɗauka, haka kuma hoton 3D yake. Shi ya sa ba a iya ɗora ruler a kansa a auna komai. A zanen fuska an kashe wannan yaudarar ido. Bango mai tsayin mita 3 mita 3 ne, ko yana gaba ko yana can baya. Wani masanin lissafi ɗan Faransa, Gaspard Monge, shi ya tsara ƙa'idojin wannan hanya a ƙarshen ƙarni na 18, kuma har gobe a kansu manhajojin zane ke tafiya.

Daga allon zane zuwa laftof

A da, mai zane yakan zauna gaban allo da fensir da ruler, ya zana fulan, sannan ya jawo layuka daga fulan ɗin ya tayar da kowace fuska ɗaya bayan ɗaya. Idan mai gida ya ce a matsar da taga ɗaya, sai an goge a fulan, a goge a fuska, a goge a zanen yanka. Da AutoCAD ya fito a 1982 an huta da gogewa da roba, amma har yanzu kowane zane zaman kansa yake yi. Kana iya gyara fulan ka manta da fuska, takardu biyu na gida ɗaya su riƙa faɗin magana biyu.

Manhajojin da suka biyo baya sun sauya tsarin. ArchiCAD na kamfanin Graphisoft da ke ƙasar Hungary ya fara tun shekarun 1980. Revit ya fito a 2000, kamfanin Autodesk ya saye shi a 2002. A cikinsu ba layi kake ja ba, gini kake ginawa: wannan bango ne mai kaurin inci 9, wannan ƙofa ce, wannan rufi ne. Fulan da fuska da zanen yanka duk leƙe ne ake yi wa samfuri guda. Ka matsar da taga a wuri ɗaya, ta matsa a ko'ina. Wannan tsari shi ake kira BIM. SketchUp, wanda shi ma ya fito a 2000, Google ya saye shi a 2006 kafin kamfanin Trimble ya karɓe shi a 2012, ya fi sauƙin koyo, kuma da shi matasa da yawa ke farawa.

Saboda haka wanda ya riga ya iya haɗa gida a 3D ya yi rabin tafiya. Saura ya koyi yadda ake mayar da wannan samfuri takardar da za a iya aiki da ita a fili.

Yadda ake yi, daki-daki

Na farko, aikin ba a laftof yake farawa ba. Ka je filin da tef ɗinka. Ka auna shi, ka gano ina ne arewa, ka duba tsayin titi ko kwata idan aka kwatanta da filin, ka tambayi maƙwabta inda ruwa ke bi da damina. Wayarka tana da kamfas, yi amfani da shi.

Na biyu, ka kafa matakan tsayi kafin ka tayar da bango ko ɗaya. A Revit da ArchiCAD akwai layukan mataki da ake ɗaure bango da rufi a jikinsu. Misalin gida mai hawa ɗaya: ka ɗauki daɓen cikin gida a matsayin sifiri. Ƙasar waje tana ƙasa da shi da milimita 450 ko 600. Bakin taga 900. Linta 2100. Silin 3000. Waɗannan su ne lambobin da aka saba da su, amma fili da buƙatar mai gida su ke yanke hukunci. A yankinmu mai zafi, wasu kan ɗaga silin ya haura mita 3 don ɗaki ya sha iska.

Na uku, ka gina samfurin da awon gaskiya. Bulo mai inci 9 kaurinsa milimita 225 ne, mai inci 6 kuma 150. Kada ka sa tagar da ba a yin irinta a wurin masu walda ko masu almini na Sakkwato don kawai ta yi kyau a hoto.

Na huɗu, ka buɗe fuskokin. A Revit za ka tarar da alamomi huɗu kewaye da filin zane, arewa, kudu, gabas da yamma. Kowace ka danna za ta nuna maka gidan daga wannan ɓangare. A SketchUp kuwa sai ka shiga wurin kyamara ka sauya ta daga kallon ido zuwa kallon layi miƙaƙƙe, sannan ka zaɓi gaba, baya, dama ko hagu, ka adana kowanne, ka kai su LayOut inda ake jera su a takarda. Wanda ya manta bai sauya kyamarar ba, hoto ya ɗauka, ba zanen fuska ba. Ka kuma riƙe wannan: fuskar arewa ita ce bangon da ke kallon arewa. Mai kallonta yana tsaye ne a arewacin gidan. Masu koyo da dama a nan suke rikicewa.

Na biyar, ka share abin da bai kamata a gani ba. Kwamfuta ba ta da wayo, duk abin da ke gabanta nunawa take yi. Katangar gida za ta rufe maka fuskar ginin, bishiyar da ka dasa don ado za ta tare taga, ɗakin maigadi zai fito a bayan babban gida. Akwai wurin saita iyakar zurfin kallo, ka ja shi ya tsaya inda kake so. Mota da mutane da furanni duk ka kashe su.

Na shida, kaurin layi. Zanen da ya fito kai tsaye daga samfuri yakan zo da layuka duk kauri ɗaya, ba ka gane na gaba da na baya. Layin ƙasa shi ne mafi kauri. Sai gefen ginin da abin da ya fi kusa da mai kallo. Sai ƙofofi da tagogi. Layukan kwano da tayil su ne mafi siranta. Da wannan kaɗai ake gane wanda ya ƙware.

Na bakwai, lambobi da bayani. Ka sa alamar kowane mataki a gefe, ka sa awon tsayi, ka ba kowace taga da ƙofa lamba, ka rubuta abin da za a yi a bango: shafe da fenti ne, ko tayil, ko dutse. Ka rubuta irin kwano da kwanciyar rufi. A nan akwai wata mummunar ɗabi'a da za ka guje wa: idan awo ya fito ba yadda kake so ba, kada ka goge lambar ka rubuta wata da hannu. Ka koma ka gyara samfurin. In ba haka ba ka dawo da cutar da aka ƙirƙiro manhajar don maganinta.

Na takwas, takarda da ma'auni. Ma'aunin 1:100 yana nufin santimita 1 a takarda mita 1 ce a fili. Bango mai mita 12 zai zama santimita 12. A 1:50 zai zama santimita 24, kuma takardar A3 mai milimita 420 da 297 za ta ɗauke shi. Ka sa sunan aiki, kwanan wata, ma'auni da lambar zane a kusurwa, ka fitar da PDF. Idan ka je wurin bugawa ka tsaya a kansu, kada su danna abin nan da ke matse zane ya cika takarda, domin yana lalata ma'aunin. Bayan an buga ka ɗora ruler a kan bango ɗaya ka tabbatar.

Inda kuɗin yake

Wani zai ce, duk wannan wahalar a kan mene ne? Mu yi lissafi. Bangon gaba mai tsawon mita 12 da tsayin mita 3 ya kama murabba'in mita 36. A cire ƙofa ɗaya mai 0.9 da 2.1, da taga biyu masu 1.2 da 1.2. Abin da ya rage ya ɗan haura murabba'in mita 31. Masu lissafin gini kan ƙiyasta bulo 10 a kowane murabba'in mita, ka ga wajen bulo 310 ke nan. Mai gida ya san abin da zai saya tun kafin a sauke yashi.

Yanzu a ce gidan mita 12 ne da mita 10, kewayensa mita 44. Idan aka yi da ka aka ƙara santimita 30 a tsayi, an ƙara bulo wajen 130 a bangon waje kawai, ban da na ciki, ban da siminti da shafe da fenti da kuɗin aiki. Ƙarin tsayin ba laifi ba ne idan an yi shi da niyya. Laifin shi ne ya faɗo wa mai gida bagatatan bayan kuɗinsa sun ƙare.

Rufi ma haka. A gida mai faɗin mita 10, idan kwanciyar rufin digiri 10 ce, ƙololuwarsa ba ta kai mita 1 ba. Idan digiri 25 ce, ta kai kusan mita 2.3. Idan 35 ce, mita 3.5 ke nan, ya fi bangon kansa tsayi. Kowane ƙari katako ne da kwano da ƙusa. Dogon rufin nan da ake yayi yana da kyau a ido, amma ya kamata mai gida ya gan shi da lamba, ya ji farashinsa, kafin kafinta ya hau.

Fuska huɗu, hali huɗu

Babban kuskuren masu kwafo gida daga intanet shi ne ɗaukar fuskar gaba kawai a ƙawata ta, sauran ukun a bar su ko oho. Alhali a ƙasarmu kowace fuska da abin da take fama da shi.

Fuskar gabas ita ke karɓar hadari. Kowa ya san yawancin ruwanmu daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, shi ya sa maginan gargajiya suka fi kula da yaɓen bangon gabas. A zanenka ka duba: bakin rufi ya fito sosai ya kare bangon? Tagogin suna da abin da zai tare feshi?

Fuskar yamma ita ke shan ranar la'asar. A watannin Maris, Afirilu da Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, babbar tagar gilashi a yamma tanda ce. Ɗakin kwanan da ke wannan ɓangare ba ya hucewa har tsakar dare. Ka rage tagogin, ko ka sa baranda, ko ka bar wurin bishiya.

Arewa da kudu sun fi sauƙin karewa da bakin rufi, domin rana tana sama sosai idan ta zo kansu. Amma ga wani abu da littattafan Turai ba za su faɗa maka ba: mu muna wajen digiri 13 ne arewa da tsakiyar duniya, saboda haka daga ƙarshen Afirilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta arewa da mu take ratsawa da tsakar rana. Bangon arewa ma yana shan rana ke nan. Revit da SketchUp duk suna ba ka damar sa wurin da ginin yake a taswirar duniya, ka zaɓi wata da sa'a, ka ga inda inuwa za ta faɗa. Ka gwada ƙarfe 4 na yamma a watan Afirilu ka ga abin mamaki.

Sai layin ƙasa. Sau nawa ka ga gida ko shago a bakin titi wanda da aka sake gyara titin aka yi ciko, ya koma rami, ruwan Agusta yana shiga har ɗaka? Wanda ya ja layin ƙasa a miƙe ba tare da ya je filin ba, ƙarya ya zana. Ka nuna gangaren yadda yake, ka nuna tsayin titi, ka nuna matakalar shiga.

Akwai kuma rufin ɓoye, wanda ake tayar da bango ya rufe kwano. Yana da kyau, yana kuma rage yadda iska ke cin bakin kwano. Amma ruwan da ya taru a bayansa ta ina zai fita? Kakanninmu sun amsa wannan tambaya da indararo, kuma a fili suke sa shi kowa na gani. Idan zanen fuskarka bai nuna mafitar ruwa ba, damina za ta nema wa kanta hanya ta cikin silin.

Kada a manta da sutura. Gidan Bahaushe da zaure aka san shi, baƙo ba ya hango tsakar gida. Idan bene kake zanawa, zanen fuskar gefe shi zai nuna ko tagar sama tana leƙa gidan maƙwabci. Ɗaga bakin tagar zuwa sama da tsayin mutum a takarda aikin minti ɗaya ne. Bayan an gina kuwa, sai an kai ga mai unguwa. Idan masallaci ne, ka tuna alƙiblar yankin Sakkwato ba gabas sak ba ce, ta karkata arewa, wajen digiri 70 daga arewa. Ka saita samfurin a kan haka tun farko.

Ba yau aka fara ba

Kula da fuskar gini ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Zankwaye a saman soro, dagi da sauran zanen da ake yi a ƙofar zaure, makuba da ake shafawa don ruwa, duk aikin fuska ne. Babban Gwani Mika'ilu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 da tubali da azara, ba shi da laftof. Awon yana kansa da hannunsa, kuma yana tsaye a wurin har aka gama. A Jamhuriyar Nijar, Falke Barmu ya gina masallacin Yama a yankin Tawa da ƙasa, ginin ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Abin da ya sauya a yau shi ne mai zane dabam, birkila dabam, kafinta dabam, mai walda dabam, mai gidan kuma wataƙila yana Legas yana turo kuɗi. Takarda ce kaɗai za ta haɗa kansu.

'Yan mata kuma ga abin koyi. Mariam Issoufou Kamara 'yar Nijar ilimin kwamfuta ta fara karantawa a Amurka, ta yi aiki da shi, sannan ta koma ta karanta zanen gine-gine. Ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka zana sabon masallacin garin Dandaji, suka mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, aka kammala a 2018. Yau duniya ta san ta, kuma da bulon ƙasa take aiki. Wannan sana'a ce da ake yin mafi yawanta a zaune a ɗaki, babu abin da zai hana 'yar Dingyadi ko Kajiji shiga.

Yankin nan namu kuma yana da tarihin da ya cancanci a zana. A Sifawa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815 kafin ya koma Sakkwato, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. Shagari ita ce mahaifar Alhaji Shehu Shagari, shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983, kuma a can aka binne shi a Disambar 2018. A garuruwan nan da ƙauyukansu tsofaffin zaurukan ƙasa suna faɗuwa kowace damina, ana maye su da bulo. Matashin da ya nemi izinin masu gida, ya auna irin wannan zaure, ya gina shi a kwamfuta, ya fitar da fuskokinsa huɗu, ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: ya koyi aiki a kan gini na gaske, ya kuma adana abin da nan da shekara goma ba lallai a same shi ba.

Iyakar da ba a tsallakewa

A nan sai an faɗi gaskiya komai ɗacinta. Iya Revit ba ya mayar da mutum akitek. A Najeriya hukumar ARCON, wadda aka kafa a 1969, ita ke yi wa masu wannan suna rajista, kamar yadda COREN ke yi wa injiniyoyi. Kiran kanka akitek a Facebook ba tare da rajista ba saɓa doka ne. Takardun da ake kai wa hukumar tsara birane don neman izinin gini suna buƙatar sa hannun masu rajista.

Sannan zanen fuska ba ya ɗaukar nauyi. Ba ya faɗin yawan rodi, ko girman ginshiƙi, ko zurfin harsashi. Kwamfuta za ta bar ka ka zana baranda mai fitowa mita 3 babu abin da ya tokare ta, ba za ta ce maka uffan ba. Mun ga abin da ya faru a Ikoyi ta Legas a Nuwamban 2021, inda bene mai hawa 21 ya rufta ya kashe mutum fiye da 40. Mun ga makarantar da ta rufta a Jos a Yulin 2024, rayuka 22 suka salwanta, yawancinsu ɗalibai. Da zarar an ce dekin ko bene, a nemo injiniya. Idan mai gida ya ce kai ka yi kawai ai ka iya, ka ce a'a. Kuɗin da zai ba ka ba su kai ran mutum ɗaya ba.

Wannan bai rufe maka ƙofa ba. Ofisoshin zane da 'yan kwangila suna buƙatar hannun da zai karɓi zanen akitek ya mayar da shi takardu tsaf, kuma ana iya turo aikin ta waya a mayar ta waya. Wanda yake son ya kai ƙarshen hanya, akwai sashen zanen gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wanda shi ne mafi daɗewa a ƙasar nan, akwai a Jami'ar Bayero ta Kano, ga kuma Kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi nan kusa ga mai son difloma.

To, ta ina za a fara?

Kayan aiki su ne babban cikas, ba a musu. Revit yana son laftof mai ƙarfi, a Windows kawai yake aiki, kuma ƙwaƙwalwar gigabait 16 ta fi kwanciyar hankali. Ga matsalar wuta, ga data. Amma akwai hanyoyi. SketchUp yana da nau'in kyauta da ake buɗewa a intanet don koyo. FreeCAD kyauta ne gaba ɗaya. Ɗalibin da ke da shaidar makaranta zai iya neman lasisin Autodesk na ɗalibai kyauta na shekara ɗaya, ana sabuntawa, sai dai na koyo ne ba na kasuwanci ba. Manhajar sata da ake turawa a filashi kuwa, sau da yawa da cutar kwamfuta take zuwa, ranar da ta ci maka aikin wata guda za ka gane araha ba ta ado. Mutum uku ko huɗu za su iya haɗa kuɗi su sayi laftof ɗaya su raba lokaci. Darussa kuma suna nan birjik a YouTube, ka sauke da dare lokacin da data ta fi sauƙi.

Abu na ƙarshe, wanda babu manhajar da ke koyar da shi: yadda za ka miƙa takardar. Birkilan da zai yi aikin wataƙila ya haife ka, kuma ya gina gidaje kafin ka san hannun damanka. Kada ka je masa da "haka kwamfuta ta ce". Ka gaishe shi, ka zauna, ka ce, "Baba, ga abin da na zana, ku duba ku gani ko akwai gyara." Ka sani shi da layin bulo yake lissafi, ba da milimita ba. Layi ɗaya da simintinsa yakan kama santimita 24 zuwa 25, saboda haka ku zauna tare ku mayar da lambobinka zuwa layi, ku yi alama a jikin sanda ko katako a kafa a wurin. Zai nuna maka abubuwan da ba za su yiwu ba, kai kuma ka koma ka gyara samfurin, ka sake bugawa, ka karɓe tsohuwar takardar kada a yi aiki da biyu.

Ga aikin wannan mako ga mai so. Ka ari tef, ka auna ɗakin da kake kwana daga waje: tsawo, faɗi, tsayi, ƙofa, taga, bakin rufi. Ka gina shi a kwamfuta, ka fitar da fuska huɗu a ma'aunin 1:50, ka buga. Sannan ka ba wani birkila na unguwarku takardar ba tare da ka yi masa bayani ba, ka tambaye shi tsayin tagar daga ƙasa. Idan ya faɗa daidai, ka kama hanya. Idan ya yi shiru yana juya takardar, ka koma kan laftof. Allah Ya sa albarka a abin da za a koya.